Tambaya da Amsa: Wace rikodar murya ce ta dace da aikinka?

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato na'urar naɗar murya, wadda a kasuwa ake kira rikoda. Mun zaɓi guda takwas, mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili. Mai karatu zai ga cewa a kusan kowace amsa muna fara duba wurin da za a yi naɗin kafin mu ambaci sunan na'ura: murya nawa ce, nisan baki da makirufo nawa ne, awa nawa za a yi, akwai wuta ko babu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe. Ina naɗar lacca da wayata, kuma zan fara hira da mutane don aikin kammala karatu. In na zauna a tsakiyar aji muryar malami ba ta fita, sai hayaniyar ɗalibai da ƙarar fanka. In na sayi rikoda matsalar za ta kau? (Wata ɗaliba, Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Matsala biyu ce ta haɗe miki, kuma ɗaya kawai rikoda za ta ɗauke in ba ki canja wurin ajiye ta ba.

Ta farko nisa. Duk sanda tazarar da ke tsakanin baki da makirufo ta ninka, ƙarfin muryar da ke isowa kai tsaye yana raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Daga taƙi ɗaya, wato kamar santimita 20, zuwa mita uku da ɗoriya an yi ninki biyu sau huɗu a jere ke nan, an rasa desibel 24, alhali fankar da ke saman kanki da masu raɗa a gefenki ba su ragu da komai ba. Babu na'urar da ke gyara wannan, komai tsadarta. Ki nemi izinin malamin ki ajiye rikodar a kan teburinsa, ko ki zauna a layin farko ki juya bakinta wajensa. Ki shimfiɗa mata hankici a ƙasa, domin katakon tebur yana kai mata kowane bugun biro da jan kujera.

Ta biyu wayar ce da kanta. An ƙera makirufonta don bakin da ke manne da ita, kuma wayoyi da yawa suna tace sauti da kansu, su ɗauki muryar nesa a matsayin hayaniya su danne ta. Ga kira da zai shigo ya katse naɗi, ga tsarin tsimin batir da kan rufe manhaja in allo ya daɗe a kashe. A nan rikoda ta fi waya nesa ba kusa ba.

Aikinki bai buƙatar babbar na'ura. Sony ICD-PX470 ta isa, haka Olympus WS-853, wadda irinta yanzu ke fitowa da sunan OM System tun da aka sayar da wannan sashe na kamfanin a 2021. Dukansu batir AAA biyu suke ci, kuma suna da bakin USB a jikinsu da ake turo shi waje a soka a kwamfuta ba sai da kebul ba. Ki saita ta a MP3 mai 128 ko 192 kbps, lambar da ke nuna ingancin fayil da nauyinsa. Abu biyu za su yi miki amfani sosai ranar da za ki zauna rubuta hirar, aikin da awa ɗaya ta magana kan ci awa huɗu ko fiye: maɓallin sa alama, wanda za ki danna duk sanda aka faɗi abu mai muhimmanci don ki dawo wurin kai tsaye, da saitin rage saurin magana ba tare da murya ta canja ba.

Akwai wani saiti da masu sayarwa ke yabo, wanda rikoda ke tsayawa in an yi shiru ta tashi in an fara magana. A Sony an rubuta shi VOR, a Olympus VCVA. Ki kashe shi a lokacin hira. Kafin na'urar ta farka takan yanke gaɓar farko, kuma a maganarmu gaɓar farko tana iya ɗauke da hukuncin jimla duka. Mutum ya ce "ba na so", ki dawo gida ki tarar da "na so".

Tambaya: Ni ne kwamitin masallacinmu ya ɗora wa naɗar tafsirin azumi don a raba wa jama'a ta WhatsApp. Bara na ajiye rikoda a gaban lasifika, sai sautin ya fito da amsa-kuwwa, ga wani gurnani a ƙasa, kuma in mai jan baki ya ɗaga murya sai ta fashe. Me zan saya bana? (Wani mai karatu, Maraɗi)

Amsa: Allah ya saka da alheri, Malam. Kafin ka sayi komai, ka je ka duba bayan amfilifayar masallacin ko mikisar da makirufon Malam ke shiga, domin maganin yana can.

Rikodar da aka ajiye a gaban lasifika tana naɗar muryar da ta riga ta bi ta amfilifaya, ta fito ta lasifika, ta bugi bango da tayil da rufin kwano ta dawo. Abin da ake so shi ne a ɗauko sautin daga cikin na'urar kafin ya fita iska. Ka nemi ramin da aka rubuta REC OUT, TAPE OUT ko LINE OUT. Sau da yawa ramuka biyu ne, ja da fari. Kebul ɗin da kake buƙata mai kai biyu ne, ja da fari, a gefe ɗaya, da ƙaramin kai na milimita 3.5 a ɗaya gefen. In mikisa ce, AUX SEND ma ya yi, har ya fi, don yana da nasa abin murɗawa da ba ya taɓa ƙarar masallaci.

Ka kiyaye wannan da kyau: a bayan amfilifayoyin masallatai irin su Ahuja da TOA akwai wasu sukurori da aka rubuta COM, 8Ω, 70V, 100V. Na lasifika ne. Kada ka kuskura ka jona rikoda a wurin, nan take za ta ƙone.

To wace rikoda? Wadda ke karɓar sautin layi, wato irin sautin da mikisa ko amfilifaya ke fitarwa ta waɗancan ramuka. Ramin makirufo an yi shi ne don sauti mai rauni ƙwarai, abin da mikisa ke fitarwa kuwa ya ninka shi sau da yawa, shi ya sa in aka haɗa su kai tsaye murya ke fashewa ko da an rage. A ICD-PX470 in ka soka kebul za ka iya zaɓar Audio IN maimakon MIC IN. Zoom H1n da Tascam DR-05X suna karɓa ta ƙaramin raminsu, amma sai ka rage ƙarfin shiga sosai, ka kuma kashe 'yar wutar da ramin ke aika wa ƙananan makirufo. In ka rage har ƙasa amma sautin na fashewa, ka sayi kebul mai rage ƙarfi a cikinsa. In kwamitin na da hali, Tascam DR-40X tana da manyan ramuka da aka yi musamman don sautin mikisa, kuma ita muka fi so wa wannan aiki.

Ka yi saitin ƙarfi da hannu. A fuskar rikodar akwai sanda mai motsi da lambobi daga kamar -48 zuwa 0. Ka sa mai jan baki ya karanta aya da cikakkiyar muryarsa kafin a fara zama, domin shi ne ya fi ƙarfi, ka saita har sandar tana kaiwa -12. Wannan ratar ita ce za ta ɗauki kabbarar jama'a da ɗagin muryar Malam. Duk abin da ya taɓa 0 ya fashe, kuma ba ya gyaruwa. Saitin da na'ura ke daidaita ƙarfi da kanta bai dace da tafsiri ba: duk sanda Malam ya yi shiru yana duba littafi, sai ta ɗaga ƙarar fanka da tarin jama'a, in ya dawo ta danne kalmarsa ta farko.

Gurnanin da ka ji yana iya fitowa ta hanya biyu. In ƙarar janareta ce ta iska, jona kebul zai kawar da mafi yawanta. In kuma ta wuta ce, wadda ke zuwa a kan hertz 50 da ninkinsa, galibi tana shigowa ne in an jona rikoda a caja, cajar kuma tana soket ɗaya da amfilifaya. Ka cire cajar ka bar rikodar a kan batir ko fawa banki, sau da yawa sai ka ji gurnanin ya ɗauke. Ka kunna saitin Low Cut a kan 80 ko 120, zai yanke abin da ya rage a ƙasa ba tare da ya taɓa fahimtar magana ba. Wayoyin hannu kuma a nisanta su da kebul.

Hanyar kebul tana da rauni ɗaya. In aka ɗauke wuta amfilifaya ta mutu, naɗinka ya mutu tare da ita, alhali Malam yana ci gaba har a tada janareta. Saboda haka ka ajiye waya a gaban Malam, ka sa ta a yanayin jirgin sama, tana naɗa daga farko har ƙarshe, don cike wannan giɓi.

Batun girma: zama 30 na awa bibbiyu awa 60 ne. A MP3 mai 128 kbps, duka watan bai wuce gigabayit 3.5 ba. Wannan shi ne kwafin ajiya. Na rabawa kuwa ka mayar da shi layi ɗaya, wato sauti guda maimakon na hagu da na dama, a 48 ko 64 kbps da manhajar Audacity, wadda kyauta ce. A 64 kbps zaman awa biyu zai zo megabayit 58, kuma murya na fita sarai, ka kuma tausaya wa datar masu saukewa.

Tambaya: A shago an nuna mini wata 'yar ƙaramar rikoda mai gigabayit 64 da wata Sony mai gigabayit 4, kuma mai 4 ɗin ta fi tsada. Ba cuta ba ce? (Wani mai karatu, Kano)

Amsa: Ba cuta ba ce, ɗan'uwa. Wurin ajiya shi ne abu mafi arha a cikin rikoda. Kuɗin yana tafiya ne a makirufo da ɗan sashen da ke ƙara masa ƙarfi, kuma shi ne ba a rubutawa a kwali. In wannan sashe maras kyau ne, za ka ji wani "shhh" a bayan kowace magana, musamman in mai maganar ba ya ɗaga murya.

Ga lissafin. MP3 mai 128 kbps yana cin megabayit 58 a awa, mai 192 yana cin 86. WAV, wanda ba a matse shi ba, a saitin inganci na kilohertz 44.1 da bit 16 layi biyu yana cin kimanin megabayit 635 a awa. Mai gigabayit 4 ɗin nan, bayan an cire abin da na'urar ta riƙe wa kanta, tana ɗaukar kusan awa 59 a 128 kbps, ko awa 5 da 'yan mintoci a WAV. Kuma tana da ramin memori da ke karɓar har gigabayit 32. Wanda ke kwashe fayilolinsa duk mako ba zai taɓa cika ta ba.

Ƙananan marasa suna suna da wata matsala ta daban. Wasu an sarrafa su ne su nuna 64 a kwamfuta alhali ainihin abin da ke ciki kaɗan ne. Suna aiki lafiya har sai wurin gaskiya ya cika, daga nan sababbin fayiloli su hau kan tsofaffi ko su fito fanko. Haka ake yi wa memori na jabu. Manhajar H2testw, kyauta ce a Windows, tana cika na'urar da bayanai ta sake karantawa ta faɗa maka girman gaskiya. Ka yi wannan gwaji ranar da ka saya, tun rasit na hannunka.

A shagon ma, ko a Farm Centre kake ko a titin Beirut, ka tafi da baturanka da iyafis ɗinka. Ka naɗi magana a nisan taƙi ɗaya, ka ja baya mita biyu ka sake, sannan ka yi shiru na daƙiƙa goma. Ka saurari shirun nan da ƙara a sama. Nan ingancin rikoda ke bayyana. Ƙaramar lasifikar jikinta ba ta nuna komai, kada ka yi hukunci da ita. Daga nan ka soka ta a kwamfuta ka ga ko fayilolin suna buɗewa ba tare da an nemi wata manhaja ta musamman ba.

Tambaya: Ina aika wa wani gidan rediyo rahotanni daga kasuwanni da ƙauyuka. Edita yana yawan dawo mini da murya, ya ce iska ta ɓata ta ko ana jin motsin hannuna. (Wani wakili, Gusau)

Amsa: Sannu da aiki, Malam. Soson da ke zuwa da rikoda yana tare numfashi da 'yar iskar ɗaki ne kawai. Iskar hunturu a fili sai hula mai gashi, wadda ake sa wa a kan makirufon, kuma kowace rikoda da girman tata, sai ka faɗi sunan taka in za ka saya. Ka haɗa da Low Cut, ka juya wa iska baya, jikinka ya zama katanga. Hular tana kuma rage ƙurar da ke shiga ragar makirufo, wadda a hankali take dusashe sauti.

Motsin hannu yana yawa ne a rikodoji masu jikin roba da makirufo a manne, irin H1n. A ƙasanta akwai ramin sukuru irin na kyamara. Ka ɗaura mata ɗan mariƙi, ka riƙe shi riƙo ɗaya, kada yatsu su yi yawo, ka cire zobe. Kebul ɗin iyafis ka naɗe shi a yatsa kada ya riƙa bugun jikinta.

Amma in aikin nan ne sana'arka, ka tara kuɗi ka koma rikoda mai babban ramin makirufo da ake kira XLR, irin Zoom H5, H4n Pro ko Tascam DR-40X, da makirufon hannu nau'in dainamik. Electro-Voice RE50 an daɗe ana amfani da shi a aikin jarida saboda ba ya jin motsin hannu sosai. Shure SM58 ya fi sauƙin samu, kuma yana ture hayaniyar gefe in ka kusantar da shi, sai dai dole ka riƙa kai shi bakin duk wanda ke magana. Irin waɗannan ba sa buƙatar wutar 48V da rikodar ke iya aikawa, ka kashe ta, don tana shan batir.

Ka riƙe makirufo taƙi ɗaya daga baki, ƙasa da haɓa kaɗan kuma a karkace, don iskar haruffa irin su f da b ta wuce ta samansa. Iyafis ya kasance a kunnenka duk tsawon hirar. Kafin ka bar wurin, ka naɗi minti ɗaya na hayaniyar kasuwar ba tare da kowa na magana ba, editanka zai yi amfani da ita wajen haɗa yanka. In za ka aika ta WhatsApp, ka tura fayil ɗin a matsayin takarda, wato Document, kada ka kunna shi ka sake naɗa a saƙon murya.

Tambaya: Ina tattara tarihin garinmu daga bakin dattawa, kuma ina son in naɗi makaɗan fada da masu kalangu kafin a rasa su. Rikoda ɗaya za ta yi duka biyun? (Wani malamin makaranta, Haɗeja)

Amsa: Allah ya taimaka, Malam, wannan aiki ne da ya cancanci a kashe masa kuɗi. Ɗaya za ta yi, amma ba daga ajin ƙananan rikodojin ofis ba. Ka duba Tascam DR-05X ko Zoom H1n zuwa sama.

Dalili na farko tsarin fayil ne. MP3 yana zubar da wani ɓangare na sauti don ya rage girma, abin da ya zubar kuma ba ya dawowa. Ga lacca ba komai, amma abin da za a ajiye wa jikoki a naɗe shi a WAV. Ƙungiyar ma'ajiyar sauti ta duniya, IASA, ta sa kilohertz 48 da bit 24 a matsayin mafi ƙarancin abin da ya dace da ajiya. Wannan yana cin gigabayit ɗaya da ɗan kaɗan a awa, memori mai 32 zai ba ka kusan awa 30. Daga WAV kana iya fitar da MP3 ko nawa kake so don rabawa.

Na biyu ƙarfin sauti. Kalangu, tambari, algaita da kakaki suna cika makirufon ƙaramar rikoda tun kafin saiti ya yi wani amfani. H1n tana jure desibel 120, DR-05X 125. Duk da haka ka ja baya mita biyu ko uku daga makaɗa, ka ɗora rikodar a kan ƙafa daidai tsayin ƙirji, ka tsayar da ita ta fi kusa da mawaƙin fiye da masu kiɗa, in ba haka ba kiɗa zai haɗiye baitukan. Ka saita ƙarfi da bugu mafi ƙarfi. Akwai sababbi masu tsarin 32-bit float, kamar Zoom H1essential da ta fito a 2024, waɗanda ba a saita musu ƙarfi, daga baya ake ɗagawa ko ragewa a kwamfuta. Suna da amfani inda dattijo zai yi magana ƙasa-ƙasa sannan a buga tambari ba zato. Sai dai fayilolinsu sun fi girma, kusan gigabayit 1.4 a awa, kuma dole ka bi ta kwamfuta kafin ka raba.

Tsakanin biyun farko akwai bambanci. Makirufon H1n gaba suke fuskanta, sun dace da mutum ɗaya ko makaɗa a gabanka. Na DR-05X suna ji ta kowane gefe, sun fi dacewa da dattawa huɗu ko biyar da suka kewaye tabarma a zaure. Ga dattijo ɗaya mai raunin murya, ɗan makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga ya fi komai. Ka duba kansa: mai zobe baƙi biyu na rikoda ne, mai zobe uku na waya ne, kuma ba zai yi aiki a rikoda ba sai da ɗan mahaɗi. Ka lura kada babbar riga ko rawani ya riƙa gogarsa.

A farkon kowane naɗi ka faɗi kwanan wata, gari, sunan mai magana da shekarunsa, ka kuma nemi izininsa a cikin naɗin. Ka ajiye kwafi a wuri biyu daban, ɗaya ba a gidanka ba.

Tambaya: Mai batir a ciki da ake caji ta fi, ko mai cin batir na sayarwa? Garinmu wuta ba ta zama. (Wata mai karatu, Azare)

Amsa: A inda wuta ba ta zama, Hajiya, mai cin AA ko AAA ta fi kwanciyar hankali. In ta mutu a tsakiyar taro, minti ɗaya ya isa a canja. Mai batir a ciki, irin Sony ICD-UX570, siririya ce kuma cajin minti uku yana ba ta kamar awa ɗaya ta naɗi, amma batirin yana rauni bayan wasu ɗaruruwan caji, zafi kuma yana gaggauta hakan, canja shi kuma sai mai gyara. Kada a bar kowace iri a cikin mota da rana.

Ki sayi batura masu caji nau'in NiMH, irin Eneloop, saiti biyu, ki shiga saitin rikodar ki gaya mata nau'in batirin da ke ciki, in ba haka ba alamar batir za ta riƙa yi miki ƙarya. Batura masu arha na tocila ba sa daɗewa, kuma suna yoyo su cinye ƙarfen ciki. In za ki ajiye ta fiye da wata guda, ki cire su. Ki sani kuma cin batir ya bambanta ƙwarai: PX470 takan yi sama da awa 50 a MP3, H1n kamar awa 10, dukansu a kan baturan AAA masu kyau marasa caji.

Tambaya: Ina ba da kaya bashi, wasu kuma suna musantawa. Ina son rikoda mai siffar biro da zan sa a aljihu ba tare da sun sani ba. Kotu za ta karɓa? (Wani ɗan kasuwa, Jos)

Amsa: Alhaji, ba mu ba ka shawarar biron nan ba. Ta fuskar aiki, makirufonsa ƙarami ne maras inganci, a aljihu kuma gogar yadi yake naɗa fiye da magana, sai a zo ana gardamar muryar wane ne. Ta fuskar doka, sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya yarda da shaidar da na'ura ta fitar, amma da sharuɗɗa, ciki har da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka samar da fayil ɗin. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki kuma ya kare sirrin mutane, ga Dokar Kare Bayanai ta 2023. Lauya ne zai duba maka yadda waɗannan suka shafi lamarinka.

Hanyar da ta fi ƙarfi a fili take. Ka rubuta bashin da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta. In kana son murya a kai, ka ajiye rikoda a kan tebur kowa na gani, mai karɓa ya faɗi sunansa, kwanan wata, adadin kaya da ranar biya da bakinsa. Ka tabbata agogon rikodar daidai yake, ka bar asalin fayil ɗin yadda yake, kada ka yanke ko ka canja masa suna.

Tambaya: Na naɗi taron ƙungiyarmu na awa uku, batir ya faɗo da rikodar ta faɗi ƙasa. Fayil ɗin yana nan amma ya ƙi buɗewa. Kuma sabon memori mai 64 da na saya ta ƙi karanta shi. (Sakataren wata ƙungiya, Kumasi)

Amsa: Kada ka sake naɗar komai a kan wannan memorin tukuna, Malam. Rikoda tana rubuta sauti a hankali yayin naɗi, amma bayanin tsawon fayil sai an danna tsayawa take kammala shi. In wuta ta yanke kafin nan, sautin yana ciki, kan fayil ɗin ne bai cika ba. Ka kwafe shi zuwa kwamfuta ka duba girmansa. In WAV ne kuma yana da nauyi, ka buɗe Audacity, ka shiga File, Import, Raw Data, ka sa adadin kilohertz, bit da layukan da ka yi naɗin da su. In ka ji ƙara kawai, bit ɗin ne bai dace ba ko wurin farawa, sai ka canja ka sake. In girman sifili ya nuna, ka gwada PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da suka ɓata, a kan memorin, shi ma kyauta ne. Nan gaba a dogon taro, ka riƙa tsayarwa ka sake farawa duk sanda aka yi hutu, ka kuma ɗaure murfin batir da ɗan salatif in ya saki.

Memorin kuwa wataƙila lafiyarsa lau. Masu gigabayit 4 zuwa 32 nau'in SDHC ne, masu 64 zuwa sama SDXC, kuma tsarin rubutunsu daban ne. Rikodoji da yawa, har da H1n, a 32 suka tsaya, DR-05X kuwa tana karɓar har 128. Ka duba littafin taka. Ba ka buƙatar memori mai tsada na masu bidiyo, domin ko WAV mafi nauyi a waɗannan na'urori bai kai megabayit ɗaya a daƙiƙa ba, mai lamba 10 a cikin da'ira ya wadatar. Sabon memori a cikin rikodar ake yi masa fomatin, ba a waya ko kwamfuta ba, kuma a ware shi don ita kaɗai. Kada a zare shi sai fitilar naɗi ta mutu an kashe na'urar.